Noti Mai Tsatsa

Shekara ashirin da uku ina shiga ƙarƙashin motocin mutane a Suame,
ban taɓa yi wa gwiwata sannu ba.
Sai ranar da sarƙa ta tsinke, giyar tifa ta sauko,
na ji ƙas, kamar an karya rake.
Issaka ya yar da sifana yana salati,
ni kuwa abin da ya fara faɗo mini
kuɗin mai tifar da na riga na ci.

A babban asibiti suka buɗe ta, suka ɗaure jijiya, suka ɗinke.
Na farka da tabo kamar zif ɗin jaka,
ƙafa ta zama gungume, ina kira ba ta amsawa.
Likita ya ce nasa ya ƙare,
saura na Oduro.

Oduro gajere ne, hannunsa na mai kwaɓa burodi.
Ɗakinsa na bayan kantin magani a Asawase:
gado ɗaya, fanka mai kuka, gwangwanin man kaɗe.
Hausarsa ta zango ce, ba mace ba namiji:
“Maigida, kafa ya yi fushi. Za mu roke shi.”

Ba ya fara taɓa inda ke ciwo.
Daga sharaɓa yake tasowa,
yana kora kumburi sama
kamar mai share ruwa daga tsakar gida bayan an ɗauke.
Sannan babban yatsa ya kewaye ƙoƙon gwiwa,
ya tura shi hagu, ya dawo da shi,
ya murza tabon har ya saki ƙashi.
Daga nan sai lanƙwasa.
A nan nake kiran uwata,
wadda ta rasu tun ina wanke wa maigidana sifana da fetur.

Yana da ma’auni na roba mai hannu biyu.
Talata, sittin. Juma’a, sittin da biyar.
Wata Talatar muka koma sittin da biyu.
Na ce masa sidi nake zubarwa a kwata,
na ɗauki sandunana, mako biyu ban koma ba.

Shi ya zo, cikin ruwa, takalmi a hannu,
ya tsallake lambatun Aboabo yana tambayar gidan bakanike.
Bai yi mini wa’azi ba.
Ya sha kokon Lantana, ya goge baki, ya ce:
“Noti mai tsatsa, da guduma kake kwance shi?”
Na ce a’a,
mai ake ɗiga masa, a bar shi ya sha,
a juya kaɗan, a koma baya, a sake.
Ya ce to.
Ya naɗe hannun riga.

Abin da ban gaya masa ba,
ba shagon ke hana ni barci ba, Issaka na riƙe da shi.
Kujerar roba ce,
fara, a ƙarshen sahu, cikin tsofaffi,
inda nake sunkuyar da kai ga iska
jama’a na kai goshi ƙasa.
Wata biyar ban ji warin tabarmar masallaci ba.

Jiya ma’auni ya ce ɗari da ashirin.
Yau kafin kiran asuba na ninka bargo biyu,
na dafa bango, na sauka a hankali
kamar yadda muke sauke inji.
Gwiwa ta yi ƙorafi. Na ba ta haƙuri.
Goshina ya taɓa.
Siminti da sanyi ashe.

Tashi ne ya gagara.
Sai da Lantana ta kama hammata ɗaya, Rukaya ɗaya,
suna dariya, ina faɗa, hawaye na bin gemu.
Da na gaya wa Oduro a waya
ya daɗe bai ce komai ba, ina jin fankarsa.
“Sauka ka iya,” in ji shi.
“Tashi, Talata. Ka zo da kudi na.”