Amya ta Bakwai

Amya bakwai na rataya a ɗorawa,
bakin lambuna, gabas da Gummi,
inda gulbi ke barin laka in ya janye.
Ran Laraba na iske shida a sama,
ɗaya a ƙasa, ta farke har ba ta ɗinkuwa.

Na kwashi zafina na kai gidan Nomau,
na ce 'ya'yansa ne, ko tantama babu.
Ya ce, "Tunau, da idonka ka gani?"
Na ce wanda ya sha zuma hannunsa ke danƙo.
Ya kira yaran suka buɗe tafi,
ba komai sai kantar fartanya.
Muka yi mako uku ba gaisuwa.

Daren da na yi gadi wata ya raba.
Na laɓe bayan rogo da gora da tocila,
Duna kwance a ƙafata, sauro na cin rabonsa.
Wajen caran zakara na fari
wari ya riga mai shi isowa,
sai ƙarar farce a ɓawon ɗorawa.

Na haska.
Gajere ne, bai kai karena tsayi ba,
baƙi ƙirin daga ƙasa,
bayansa kamar an juye masa toka
tun daga goshi har wutsiya.
Dage!
Kakana ya sha ba mu labarinsa,
na ɗauka ƙarin gishiri ne irin na tsofaffi,
ga shi a gabana yana hawa.

Na buga gora, na daka tsawa.
Ya waiwayo ya dube ni
duban da mai gona ke wa wanda ya taka masa shuka.
Ƙudan zuma sun rufe masa fuska,
shi ko yana taunar saƙa yana lumshe ido.
Duna da ke korar dila har bakin daji
ya shige tsakanin ƙafafuna.
Ni, mai amya, mai lambu tun daga kakanni,
ni na ja da baya, gwiwa na rawa.

Da hantsi na tafi wurin Nomau da goro biyar.
Ya yi dariya har hula ta faɗi:
"Wanga ɓarawo, kai shi gaban alƙali,
mu sha kallo, mu da kowa."

Na naɗe gindin itacen da tsohon kwano, ya ɓamɓare.
Na jibge ƙaya, ya ratsa kamar ciyawa.
Kulu na tankaɗe, ko kai ba ta ɗago ba, ta ce,
"Kai da girmanka ka koyi taurin kai,
shi ko tun ran suna ya gaji dagewa."

Da kaka, a hanyar Ɗaki Takwas,
na ga uwa da ɗanta bakin kwazazzabo.
Ta ɗauko shi ta wuya ta ajiye a inuwa,
ta koma kan gamsheƙar da ta kashe
tana ci daga kai kamar mai shan rake.
Na tsaya riƙe da keke, numfashi ma a hankali.
A nan na tuna, tun bara ban ga kububuwa a albasa ba,
gafiya ma ta sassauta wa dankalina.
Ashe kuɗin gadi yake karɓa,
ba ciniki, ba tayawa.

Yanzu shida na ɗaure da waya can ƙololuwa,
ta bakwai na bari a reshen da ya sunkuya.
Kulu ta ce tsufa ya fara taɓa ni.
Bana an share dajin tudu an shuka riɗi,
wata huɗu ke nan ban ji warin nan ba.
Amyar ta cika har tana ɗiga,
tururuwa ke sha.
Kullum da asuba, kafin in ta da injin ban ruwa,
nakan duƙa a kan laka
in nemi sawu mai farce biyar,
ko na zuwa, ko na komawa.