Mai Sayar da Tsafta

Ni tsafta nake sayarwa a kwalba.
Shagona na bayan Taminus, layin masu sabulu.
Duk abin da ke kashe ƙwayar cuta ina da shi:
na wanke hannu, na goge daɓe, har na fesa wa iska.

Da aka haifi Sagir sai na kwaso shagon na kai gida.
Bulumboti sau uku ake tafasa shi.
Mai son ɗaukar yaro ya fara miƙo tafi a tsiyaya masa.
Kyanwarmu na ba maƙwabta.
Mahaifiyata ta taso daga Naraguta da kwandon karas,
ƙasar lambu a ƙarƙashin farcenta,
na tare ta a bakin ƙofa da buta.
Ta wanke. Ba ta ce komai ba.
Ta dai daɗe tana wankewa.

Wata huɗu, kirci ya fito.
Kumatu tukuna, sannan bayan kunne, lanƙwasar gwiwa,
fata ta bushe tana tsagewa
kamar gefen tafkin kuza idan ruwa ya janye.
Sanyin Jos ya samu wurin zama.
Muka sa masa safa a hannu kada ya yage kansa,
sai ya koma goga fuska a katifa har kiran assalatu.
Balaraba na kuka,
ni ina ƙara goge daɓe.

A Lamingo likita Kangyang ta bar ni na gama lissafin ƙoƙarina,
sannan ta cire tabarau.
Ta ce, Malam Ɗanliti, jikin jariri sabon ɗalibi ne.
Akwai halittun da ido ba ya gani,
a nonon uwa, a fatarta, a ƙasa, a gashin dabba,
da yawansu ba abokan gaba ba ne.
Ana jin su ke koya wa jiki bambanta baƙo da ɓarawo.
Mai gadin da bai taɓa ganin baƙo ba,
inuwarsa ma kai mata sanda zai yi.

Na ce, ke nan ni na jawo?
Ta ce, ban faɗa ba. Akwai gado a ciki,
masu bincike kuma ba su rufe magana ba.
Ban ce ya sha ruwan kwata ba,
rigakafi kada ko ɗaya ya wuce shi.
Na dai ce ka sassauta yaƙin.
Ta rubuta man shafawa, safe da dare.

A cikin keke, hanyar gida,
na shinshina tafin hannuna.
Ba ƙamshin kowa a ciki, ko nawa.

Mubina ta zo bayan damina biyu.
Tana wata bakwai na kai ta Naraguta da kaina.
Inna ta zaunar da ita a bakin kunyar kabeji,
ta damƙi ƙasa, ta nufi baki da ita,
hannuna ya riga ni zuwa aljihu, inda kwalbar take.
Inna ta buɗe 'yan yatsun, ta kakkaɓe,
ta share leɓen da bakin zaninta.
Ta ce, kai a nan ka yi rarrafe,
kai da wani ɗan akuya mai fari a goshi.
Ga ka nan har da shago.

Yau fatar Mubina sumul take.
Ƙasar ce, ko nonon, ko rabo ne kawai,
ban sani ba, ba zan rantse ba.
Sagir har yanzu yana susa idan sanyi ya sauko daga Shere,
ni ke shafa masa mai, a hankali, kamar mai ba da haƙuri.

Kyanwar ta dawo da kanta ta kan katanga.
Ba wanda ya kore ta.

Jiya wani ya shigo shago, fuskarsa duk murnar haihuwar fari,
ya ce a ba shi katan guda.
Na dubi katan ɗin, na dubi cinikin ranar.
Na ce, fara da kwalba ɗaya.