Ƙafar da Ta Manta Tashi

Silifa ne ya fara tona mini asiri.
A ƙofar masallacin Rafindaɗi
ya zame daga ƙafar hagu,
na yi taku uku ban san ya tsaya ba.

Sai tuntuɓe ya zama abokin tafiya:
dokin ƙofa, gefen tabarma,
har tsakuwar da kaza ba za ta kula ba.
In ɗaga gwiwa sama
kamar mai hawa benen da babu shi,
tafin ya faɗo, fat!
Yaran layi sun haddace takuna.

Shekara ashirin da shida ina taka keken ɗinki.
Ƙafar ta iya dannawa har yau,
tashi ne ta manta.
Kaftanin Alhaji Mamuda ya kwana tara ba hannu.

Gwaggo Tabawa ta ce na tsallake wani abu da almuru.
Aka yi hayaƙi, aka shafa man shanu.
Na yi shiru, ba a musu da mai ƙaunarka.

A asibiti, likita Nusaiba
ta ƙwanƙwasa gefen gwiwata ta waje.
Wani abu ya tsarga har babban yatsa.
"Ga ta nan. Jijiya ce, ta bi ta kan ƙashi
ba tsokar da za ta rufa mata.
Ka taɓa karaya?"
Na tuna babur, na tuna karan ɗori
da aka tamke mini sati huɗu.
"Wani allura ce ta kauce masa, wani suga,
wani ƙashin baya, wani yawan harɗe ƙafa.
Kai, ɗaurin ne ya shaƙe ta."

Ta ba ni takalmin roba mai siffar lam
ya tallafi tafin.
Safe da yamma in maƙala tawul a yatsu in ja.
Duk Laraba a sa mini ɗan lantarki,
tsokar ta yi ɓari kamar fatar saniya ta ji ƙuda.
"Jijiya ba ta gaggawa," in ji ta,
"tafiyarta ta wata guda gaɓar yatsa ce.
In ta ƙi, akwai aiki. Mu jira tukuna."

Na koya wa ƙafar dama aikin biyu.

Daren jiya, wata na biyar,
ina farke wani ɗinki da ya karkace,
na ce wa babban yatsa: tashi.
Ya motsa. Bai kai ƙwayar gero ba.
Na ƙwala wa Saratu kira ta kawo fitila,
muka duƙufa kansa mu biyu
kamar masu duban jinjirin wata.