Ƙofa Ɗaya

Asabar, tun rana ba ta leƙo ta bayan duwatsu ba,
muka ɗora ƙofar a bayan akori-kurata.
Eusebio ya naɗe ta da bargon kwanansa,
ya ce in bi a hankali, kamar ƙwai na ɗauko.

Ƙofa ɗaya.
Ita kaɗai yayana ya gama cikin shekara goma sha ɗaya.
Sauran motar na gareji bisa bulo huɗu,
kaza ta yi sheƙa inda inji zai zauna.
Sau biyu yana sayen kaburata, sau biyu yana sayarwa:
na farko kuɗin makarantar 'yarsa,
na biyu haƙorin da ya hana shi barci.

Filin da ke bakin kogin Rio Grande ya cika maƙil.
Tsofaffin motoci, sa'o'in kakanninmu,
sun sha wanka, sun sha fenti, sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu.
Wata an zana mata harsunan wuta tun daga hanci har kwankwaso,
wata an datse mata rufi, sai direba ya sunkuya.
Wata ja ta durƙusa kamar raƙumi,
ta miƙe, ta daka tsalle, yara suka yi ihu.
Salansa na tari, ƙasa na rawa a tafin ƙafa,
ƙamshin koren barkono da ake gasawa a ganga
na kokawa da warin fetur.

Matar da ke rajista, Ofelia Trujillo,
ta dube mu ta saman tabarau: "Ina motar?"
Ya ce, "Tana tafe."
Ta yi shiru, ta miƙo lamba ɗari da sha huɗu.

Muka jingina ƙofar da bishiya,
tsakanin wata baƙar Ford da wata Chevrolet ruwan zuma.
Shuɗi ce, shuɗin da ke zurfi in ka matso,
kamar rijiya ta haɗiye sararin sama.
Wani yaro ya ce, "Baba, ɓarayi ne suka kwashe sauran?"
Aka bushe da dariya. Ni ma na dara, ba zan ɓoye ba.
Eusebio dai goge ta yake da tsohuwar singiletinsa.

Rana ta take tsaka, sai ga wani tsoho da sanda,
Nestor Archuleta, wanda aka ce a da
shi ke ja wa motocin garin nan siririn zane da gashin buroshi,
kafin hannunsa ya soma rawa.
Bai tsaya wurin masu tsalle ba.
Ya durƙusa da ƙyar, ya kanne ido ɗaya,
ya bi gefen ƙofar da kallo, daga sama har ƙasa.
"Shafi nawa?"
"Sha bakwai."
"Da hannu ka goge?"
Yayana ya nuna masa yatsunsa.

Tsohon ya ce, "Riƙe mini ita."
Eusebio ya tallabe ta ta gefen maƙalai,
tsohon ya danna mariƙi, ya ja,
ya ratsa ta wajen da babu mota,
ya tsaya cikin ciyawa, ya waiwayo:
"Akwai faɗi a ciki."

Ba mu ci kofi ba. Jar nan ce ta ci.

A hanyar gida ya ƙi zama kusa da ni.
Ya haye baya, ya tsayar da ƙofar a gefensa,
ya murɗa hannun gilashi har ƙasa.
Ta madubi nake hango shi,
gwiwar hannu a taga, iska na kaɗa furfurarsa,
yana ɗaga wa masu wucewa yatsu biyu.
Na rage wuta.
Na bi ta doguwar hanya.