Abin da Ya Ƙi Buɗe Baki

Daga Río Mayo zuwa inda ake awon ulu
ba kowa a hanya sai iska da waya mai ƙaya,
sai ni da kakana Eulogio a cikin a-kori-kura
wadda ta girme ni da shekara goma sha ɗaya.

Allurar zafi ta bar tsakiya.
Ina kallo tana hawa da sanɗa,
ta taɓa ja, ta yi zamanta.
Kaka bai gani ba, yana ta rufe masa ido,
hanci ne ya gaya masa:
"Rayén, gangara gefe. Kashe ta."

Na kai hannu ga murfin lagireto, ya make min yatsa.
"Ba a leƙa tukunya tana fushi."
Ya naɗe hannun riga, ga tabo har gwiwar hannu,
tun kafin a haifi uwata ya same shi.

Muka fake bayan dilolin ulu
har ƙarfe ya daina ƙas-ƙas.
Ya ce, "Idon naki ne, tambayar tawa.
Ruwa?" Na ce yana nan, bai ragu ba.
"Ƙarƙashinta?" Ƙasa a bushe, ko ɗigo babu.
"Zaro sandar mai. Ya koma kamar shayi da madara?"
Baƙi ne wuluk.
Ya sauke numfashi, don gaskit yake tsoro,
gaskit kuwa kuɗin tumaki bakwai ne.

Fanbel na danna da babban yatsa, bai saki ba.
Fanka ba ta rasa fiffike ba.
Na tsince farau da 'ya'yan ƙaya daga haƙoran lagireto,
ya ce wannan bai isa ya dafa inji ba.

"Tayar da ita. Dubi salansa."
Ba farin hayaƙi, ba kumfa a wuyan lagireto.
Allura ta sake kama hanyarta.
Ni kuwa, ba wanda ya aike ni,
na dafa tiyon sama.
Inji na ƙuna, tiyo sanyi ƙalau kamar hancin kare.
Na ce, "Kaka, ruwan ba ya fita."
Ya yi shiru. Ya miƙo hannu, na ɗora masa a wurin.

Muka sake jira. Noti biyu, sifana mai lamba goma sha biyu,
kwano a ƙasa yana tarar koren ruwa,
sai ga shi a tafina: tamastat,
bai fi murfin kwalba ba, duk tsatsa.

"Kada ki yanke masa hukunci ba shaida," in ji Kaka.
Ya laluba bayan kujera ya fito da butar shayi,
ta Clorinda, mai lanƙwasasshen hannu,
wadda tun da aka binne ta bai bari an ɗora ba.
Na kare risho da jikina saboda iska.
Ruwa ya tafasa, ya yi ta tafasa,
ɗan ƙarfen na ƙasa, baki a rufe gam.

"Ya buɗe?"
"Bai buɗe ba."
"Ba shi minti ɗaya. Wani sai an jira shi."
Na ba shi uku.

Muka yanka sabon shafi daga kwalin ganyen mate,
muka ɗaure bakin ba tare da shi ba,
a kan mu sayi wani in mun isa gari.
Allura ta kwanta ƙasa, ta yi lamo.

Na ɗauraye butar sau biyu, ɗanɗanon tsatsa bai fita ba.
Haka muka sha.
Wajen kilomita ashirin da tashinmu,
fuskarsa na kallon taga, ya ce,
"Clorinda ma da hannu take gane zazzaɓi."
Ban amsa ba. Na rage gudu kawai,
iska na dukan tamfol a baya,
shi kuma ya ci gaba.