Kuɗin Tambaya

Takardar ta iso ranar Laraba,
ta faɗo ta ramin ƙofa
tare da tallan mai gyaran rufi.
Ni na tsince ta, da safar roba a hannuna,
a gidan Doreen, lamba tara, kan tudun Bradford,
inda nake aikin jinya.

Na goge tabarau na miƙa mata, ta ture:
"Karanta mini, Lantana, ido ya yi ritaya."
Fam saba'in da huɗu.
Layi ashirin, lamba guda,
ɗaya, ɗaya, takwas, da sauran wutsiyarta,
ofishin da ake bugawa a nemi lambar waya.

Kowane kira ya haura fam uku.
Na juya shi zuwa kuɗin gida, kaina ya sara:
buhun shinkafa ne, har da canjin kayan miya.

A garinmu an ce matambayi ba ya ɓata.
A nan ma ba ya ɓata,
aljihunsa ne ke ɓacewa a hanya.
A tashar Funtuwa mai shayi za ka tsaya wa,
ya ba ka lambar makaniki daga ka,
ya ƙara maka da bashin da ake bin makanikin,
bai karɓi ko sisi ba, sai dariya.

Na zauna bakin gadonta ina wa'azi.
Na ce ga wayata, rubuta suna kawai, ga lamba ta fito.
Na ce a laburaren unguwa za su duba miki, ba ko kwabo.
Na ce lambar kemis tana jikin kwalin maganinki,
kuma mai raunin ido yana da layinsa na kyauta,
takarda za a cike, likita ya sa hannu.
Na jera su kamar mai talla a kasuwa,
ina jin kaina mai dabara, 'yar duniya.

Ta bari sai da na gama.
Ta kurɓi shayin da ya riga ya huce.
"Lambar kemis na haddace ta tun ba a haife ki ba.
Ta mai gyaran famfo ma, ya mutu, lambar tana nan.
Amma ƙarfe shida, in kin ja ƙofa kin tafi,
agogo ne kaɗai ke magana a gidan nan.
Can kuwa mutum ne ke ɗauka.
Ya ce barka da yamma.
Wata har ta taɓa tambaya ko tarina ya yi sauƙi.
Minti ɗaya da rabi ne,
ni kuwa yana kai ni har safiya."

Ruwa na dukan taga.
Na kalli takardar, lissafina ya ji kunya.

Na yage bayan kwalin shayi,
na rubuta lambata da baƙin alƙalami,
kowane adadi kamar ƙwan kaza,
na manna a jikin firji, daidai tsayinta.
Na ce wannan ba ta da tsada,
sai dai mai ita na iya kasancewa cikin bas,
ko kan sallaya.

Shida da kwata ta kira.
Ta ce lambar kemis take nema.
Na karanta mata a hankali, ɗaya bayan ɗaya.