Turbar da Ruwa Ya Ci

Mun bar Daura hantsi bai ɗaga ba,
ni da Sada da Lawandi mai dogayen ƙafafu,
jaka a baya, tamfol a naɗe,
buta ɗaya, ashana cikin leda,
da ƙuli-ƙulin da ba zai kai mu la'asar ba.

Sada ya ce ya san hanya.
Yashi ne fari tas, in ji shi,
daga gindin giyayya har Daberam
ba abin da zai jiƙa maka dunduniya.

Amma wannan watan marka ne.
Rafi ya manta iyakarsa,
ya hau gaɓa, ya shiga gonakin mutane ba sallama.
Gero na tsaye cikin ruwa iya wuya
kamar masu jiran fito.
Turbar Sada tana can ƙasa,
tarwaɗa ke bin ta yanzu.

Muka tuɓe takalma, muka rataya a wuya.
Laka ta riƙe ni riƙon mai bin bashi,
in na zaro dama, ta kama hagu.
Lawandi na gaba da sanda yana tambayar ƙasa:
kina nan? Nan fa?
Wani wurin ta amsa a gwiwa,
wani wurin ta yi shiru har ƙugu.

Kabewa ta wuce mu tana juyi,
sai faifai, sai takalmin yaro ƙafa ɗaya.
A kan wannan ba wanda ya ce uffan.

Dab da magariba muka sami tudu,
bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba,
da marke guda a tsakiya.
Ashe an riga mu:
wata jar akuya, igiyarta a tsinke,
ta dube mu kamar mu ne muka makara.

Itace duk ya sha ruwa.
Tsinken ashana tara suka mutu a hannun Sada,
na goma ya kama
da takardar masu cin bashin shagonsa.
Ya ce, ku je, na yafe,
muka sha shayi mai warin hayaƙi.
Da ruwan da ya koro mu muka yi alwala.

Na kafa kara a bakin ruwa don shaida.
Tsakar dare na haska tocila:
ya ci yatsa biyu.
Na sake haskawa: uku.
Kwaɗi na ta musu a kan gadon rafin,
sauro ya karɓi harajinsa bai bar ko kunne ba.
Akuya ta kutso cikin tamfol,
ta kwanta a ƙafafun Lawandi,
bai kore ta ba, ɗuminta ya fi bargo.

Cikin duhu Sada ya ce,
sau ɗaya na bi ta, da rani,
ina kan wuyan Baba.
Na kashe tocila.

Da asuba kara ya fito da ƙafarsa a bushe,
ruwa ya ja baya, ya bar zanen kumfa da tsinkaye.
Zalɓe ya sauka yana auna abin da ya rage.

Sai ga wani dattijo, ƙirjinsa a kan gora,
yana tuƙi da hannuwa biyu.
Akuyar ya fara gaisarwa.
Sannan ya ce, samari, wa ya aiko ku?
Muka ce yawo muke.
Ya maimaita, yawo,
yana kallon inda gonarsa take jiya.

Da haɓa ya nuna mana burtalin tudu.
Ba mu kai Daberam ba.
Har yau in na buɗe jakar nan
warin laka da na akuya ke fara fitowa.